Otomaton mai hali biyu da harshen da ya fi ƙarfin tsanin Borel

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru. A aji an koya mana cewa otomaton mai ƙayyadaddun halaye shi ne mafi rauni cikin na'urorin lissafi, ko daidaita baka biyu a jimla ba ya iyawa. Sai kuma na karanta cewa idan aka ɗora shi kan bishiya marar iyaka yana gane harsunan da suka wuce tsanin Borel. Ta yaya ƙaramin abu zai ɗauki wannan kaya?

Amsa: Barka kadai, ɗalibi. Abin da malamanku suka faɗa gaskiya ne, abin da ka karanta ma gaskiya ne. Na'urar ba ta ƙara wayo ba. Filin da aka sake ta a ciki ne ya faɗaɗa, nauyin kuma daga filin yake.

Mu fara da kalma marar ƙarshe, wato jerin haruffa da ba ya tsayawa. A 1962 Büchi ya kawo otomaton da ke karanta irin wannan jeri, ya ce a karɓi kalma idan na'urar na komawa wani hali na musamman ba adadi. A 1966 McNaughton ya nuna cewa duk abin da irin wannan na'ura ta gane ta hanyar canki, wato zaɓen mataki ɗaya cikin da yawa da aka yarje mata, akwai wata marar canki da za ta gane shi. Daga nan ake samun cewa waɗannan harsuna, wato tarin kalmomin da na'ura ke karɓa, ba sa haura mataki na uku a tsanin Borel, ma'aunin da ke jera tari bisa wuyarsu. Shi kuwa tsanin, ana gina shi ne daga buɗaɗɗun tari, ta hanyar haɗawa da ɗaukar kishiya, sau adadin da ke ƙirguwa. Riƙe wannan sharaɗi na ƙirguwa, a kansa maganar take.

Yanzu bishiya. Ɗauka ka shiga lungunan cikin birnin Zariya, kowane lungu ya rabu biyu, dama da hagu, kowannensu ya sake rabuwa, har abada, a kowace mahaɗa kuma an rubuta a ko b. Mahaɗun suna ƙirguwa. Amma hanyoyin da mutum zai bi ba tare da tsayawa ba, waɗanda muke kira rassa, ba sa ƙirguwa; yawansu daidai yake da na ɗigogin da ke kan layi, kamar yadda hujjar Cantor ta nuna. To da zarar ka ce "akwai wani reshe" ko "a kowane reshe", ka yi magana a kan tarin da kayan aikin Borel ba su da tabbacin kamawa.

Ga misalin da na fi so. Tara duk bishiyoyin da a kowane reshensu harafin a ke fitowa iyakantaccen adadi, daga baya ya ɓace. Otomaton mai hali biyu kacal, ba canki, yana gane wannan harshe: ya ga a ya shiga hali mai lamba 1, ya ga b ya shiga mai lamba 0, sharaɗi kuma shi ne a kowane reshe babbar lambar da ke maimaituwa ba adadi ta zama mai rabuwa biyu daidai. Shi ke nan. Amma wannan harshe cikakken ko-analitik ne, wato yana cikin mafiya wuya a kishiyoyin tarin analitik, waɗanda ake samu idan aka ɗora "akwai" ɗaya kan sharaɗin Borel; wuyarsa ɗaya da tambayar ko bishiyar da mahaɗarta ke iya rabuwa ba adadi ba ta da reshe marar ƙarshe ko ɗaya, kuma wannan ba ta cikin tsanin Borel a kowane mataki. Ajin analitik ɗin kansa ya samo asali ne daga Suslin a 1917, lokacin da ya gano kuskure a wata hujjar Lebesgue.

Wannan misali ya kuma raba gardama tsakanin nau'o'in na'urorin. Duk harshen da otomaton irin na Büchi ya gane a kan bishiya analitik ne, namu kuwa ba analitik ba ne, saboda haka na Büchi ba zai taɓa gane shi ba. Masani Rabin ya riga ya tabbatar da haka a 1970 ta wata hanya mai wahala. Ni dai wannan hujja ta tofoloji, wato ta auna wuyar tari, ta fi kwanta mini, don tana nuna dalilin gazawar a fili.

Ina rufin wuyar waɗannan harsuna yake? Karɓar bishiya na nufin akwai wata tafiyar na'ura da kowane reshenta ya cika sharaɗi: "akwai" ɗaya, "kowane" ɗaya. A 1969 Rabin ya nuna cewa kishiyar kowane irin wannan harshe ita ma tana da otomaton, aikin da sai da Gurevich da Harrington suka sauƙaƙa shi a 1982 ta hanyar wasa tsakanin 'yan wasa biyu. Sakamakon haka duk harsunan suna zaune ne cikin ajin Δ¹₂, wato tarin da su da kishiyarsu duk ana iya bayyana su da "akwai" ɗaya sannan "kowane" ɗaya, ba sa wuce shi.

Tsakanin Borel da wannan rufi akwai cunkoso. Yawan lambobin da na'ura ke buƙata shi ma tsani ne da ba ya ƙarewa: Niwiński ya nuna haka a 1986 ga masu canki, Bradfield da Arnold suka ƙarasa a ƙarshen shekarun 1990 ga masu musanyar zaɓi, wato masu haɗa "akwai" da "kowane" a matakansu. Ga marasa canki kuwa, Niwiński da Walukiewicz sun gano giɓi a 2003: ko dai harshen bai wuce mataki na uku na Borel ba, ko ya yi tsalle ya zama cikakken ko-analitik, babu zama a tsakiya.

Kada ka cakuɗa wannan da wuyar lissafi a kwamfuta. Tambayar ko otomaton yana karɓar wata bishiya ko da guda ɗaya tana warwaruwa. Takan koma wasa a kan iyakantaccen zane, wanda Calude da abokan aikinsa suka samar wa hanya mai kusan saurin folinomiyal, wato saurin da ake ɗauka mai kyau a lissafin kwamfuta, a 2017. Da irin wannan ake binciken manhajojin da ba a gina su don su tsaya ba. Idan kuma kana neman abin yin digiri na gaba, ga ɗaya: a ba ka otomaton mai canki, ka fitar da mafi ƙarancin lambobin da harshensa ke buƙata. An warware wasu sassa na musamman, masanan Jami'ar Warso a Folan sun yi aiki sosai a kai, amma matsalar gaba ɗayanta ta daɗe tana gagarar masana.