Tube Screamer ɗinka lafiya lau yake, saitin ne

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi Tube Screamer, fedal ɗin jita da ake takawa don sauti ya ɗan dishe, amma jitarka sai zuga take yi kamar ƙudan zuma, amon kiɗan bulus (blues) mai kaurin nan ya ƙi fitowa. Ina jin ka murɗe maɓallin Drive, mai ƙara dishewar sauti, har ƙarshe ne. Rage shi sosai, ka ɗaga Level (ƙarfin sauti), Tone (kaifin sauti) ya tsaya tsakiya.

Aikin fedal ɗin nan shi ne ya rage sautin ƙasa, ya ƙara na tsakiya wajen 720 Hz (ma'aunin mitar sauti), ya ingiza amfilifaya. Saboda haka fara buɗe amfilifayar har muryarta ta ɗan dishe da kanta, sannan ka taka shi. Fedal mai amsa-kuwwa kuwa a bayansa za ka jona, in ba haka ba sautin zai cakuɗe.