Wake mai jure ƙwari: har yanzu sai an yi feshi?

Ɗan'uwa, ka ce tsutsa ta cinye maka wake bara, kana tambaya ko sabon irin nan zai raba ka da feshi gaba ɗaya. A'a, amma zai rage maka sosai.

SAMPEA 20-T ake kiransa. Cibiyar binciken aikin gona (IAR) ta Samaru a Zariya ce ta samar da shi, aka amince da shi a Disambar 2019. An sa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriyar ƙasa, wadda ke kashe tsutsar maruka kawai, wannan da ke shiga fure ta huda kwanso, ka ɓare ka tarar da kashinta maimakon ƙwaya. Ni da nake feshi sau shida, yanzu sau biyu nake yi.

Inda mutane ke kuskure, sai su ajiye famfo kwata-kwata. Darɓa da ƙwari masu tsotsar kwanso suna nan daram, haka ƙwaron rumbu. Shi ƙwaron rumbu sai buhun PICS, wato buhun ajiya mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga. Kuma don Allah kar ka sayi iri a mudu a kasuwa, nemi dillali mai rajista.

Maganar lokacin feshi da irin maganin kuwa, kai malamin gona ya ga gonar da idonsa.