Ɗana Ya Sayi Bindiga a Amurka, Ko Ya Faɗa Mugun Hannu Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Kano. Babban ɗana shekararsa tara ke nan a birnin Houston na jihar Teksas a Amurka, yana aikin jinya, yana da mata da 'ya'ya biyu. Watan jiya muna hira ta bidiyo, matarsa ta yi suɓul da baka ta ce ya sayi bindiga. Da na titsiye shi sai ya yi dariya, wai, “Umma, ai a nan ba komai ba ne, maƙwabcina ma uku gare shi.” Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Mahaifinsa ya ce ya daina ɗaga wayarsa, domin a saninsa ɗan mutunci ba ya ajiye bindiga, sai soja, ko ɗan sanda, ko ɓarawo. Malam, yaron nan ya faɗa mugun hannu ne, ko da gaske haka mutanen can suke?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yaye miki damuwa, ya shirya mana zuri'a. In sayen bindigar ne kaɗai abin da kika gani, to bai isa a ce yaro ya lalace ba, domin gaskiya ya faɗa miki, haka mutanen can suke. Sai dai ba zan ce ki saki jiki gaba ɗaya ba, kuma zan zo kan dalilin.

Maganar Alhaji ba ta ba ni mamaki ba, a cikinta na tashi. Kakana na wajen uwa maharbi ne. Adakarsa, wato bindigarsa ta gargajiya, tana rataye a bayan ƙyauren ɗakinsa, an nannaɗe gindinta da fata da layu. In zai ɗura ta, sai ya zuba albarushi, ya tura tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, ya zuba guntattakin ƙarfe, ya sake dannawa. Harbi ɗaya ne, in ka kuskure sai ƙafa, shi ya sa ake ce mata harbi-ka-ruga. Duk garin an san bindigar wane ce, an san a gidansu ya gaji harbi, kuma babu manomi ko ɗan kasuwar da ya taɓa jin cewa shi ma ya kamata ya mallaki irinta. Sauran bindigogin da muka sani muna yara su ne na 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah, masu cika gari da ƙara da hayaƙi, mu kuwa muna toshe kunne muna bin su a guje. Ki duba yadda kalmar ta juya. A da in an ce 'yan bindiga, bayin sarki ake nufi. Yau in kika ji ta a rediyo sai gabanki ya faɗi.

Ke nan a wurinmu bindiga ko dai ta sana'a ce, ko ta mulki. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ma a kan wannan tunanin ta zauna: bindigar gargajiya mai ɗurin baki a wajen kwamishinan 'yan sanda ake neman izininta, ta farauta ta zamani sai da lasisin babban sufeton 'yan sanda, irin ta yaƙi kuwa sai shugaban ƙasa ya yarda. Asali haramci ne, izini alfarma ce. Wanda ya ajiye ta ba tare da yana cikin waɗannan layuka ba, dole a tambaye shi me yake shiryawa.

Amurka ta faro ne daga ɗaya ɓangaren. Yaƙin da suka yi da Turawan Ingila don neman 'yanci ya ɓarke ne a watan Afrilun 1775, ranar da sojojin sarkin Ingila suka fita daga Boston za su je garin Concord su ƙwace makaman da mutanen gari suka tara. Manoma ne da 'yan kasuwa suka tare su da bindigoginsu na gida. Wannan labari kowane yaro yana jin sa a makarantar firamare. Da suka zo tsara mulkinsu, a 1791 suka ƙara wa kundin tsarin mulki gyara goma, na biyu a ciki ya ce tun da ƙasa mai 'yanci tana buƙatar rundunar sa-kai mai tsari, ba za a tauye wa jama'a haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa ba. Lauyoyi sun daɗe suna gardama, shin rundunar ake nufi ko kowane mutum a gidansa. A 2008 kotun ƙolinsu ta raba gardama da alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce haƙƙin kowane mutum ne. Akwai kuma ɓangaren tarihin da ba su cika son a tuna ba: da bindigar nan aka kori 'yan asalin ƙasar daga filayensu, da ita aka tsare bayi a gonakin auduga.

Saboda haka Ba'amurke na karkara yana kallon bindigarsa kamar yadda Bafulatani yake kallon sandarsa. Uba yana ba ɗansa ta farautar barewa yana ɗan shekara goma sha wani abu, kaka yana barin tasa a gado. In kika ce masa ya miƙa ta ga hukuma, abin da zai ji shi ne kin ce ya miƙa wuyansa. Wata cibiyar bincike da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogi kusan miliyan 393 ne a hannun farar hula a Amurka, wato 120 ga kowane mutum 100. Sun fi mutanen yawa. Ƙasar da ke biye musu ita ce Yaman, da kusan 53. Amma ba kowa ke da ita ba, kusan ɗaya cikin uku na manya ne, sai dai mai ɗaya yakan ƙara ta biyu da ta uku, kamar maƙwabcin ɗanki. Teksas kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi sauƙi. Tun watan Satumban 2021, wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya hana shi, yana iya rataya ƙaramar bindiga ya fita ba tare da lasisi ba. Baƙo mai bizar karatu ko ta ziyara doka ta hana shi riƙewa sai a wasu yanayi kaɗan, amma mai takardar zama ta dindindin yana iya saya. Wanda ya shekara tara yana aiki a asibiti, mai yiwuwa ta halal ya bi.

Inda za ki gane bambancin al'umma da al'umma shi ne abin da suke yi washegarin musiba. A watan Maris na 1996 wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Sikotilan ya kashe yara 16 da malamarsu. Iyaye suka tashi da takardar koke, kafin ƙarshen 1997 an haramta wa farar hula ƙaramar bindiga a Birtaniya, ƙasar da har yau yawancin 'yan sandanta ba sa yawo da bindiga. Makonni shida bayan Dunblane, wani ya kashe mutum 35 a Port Arthur ta Ostireliya. Firaminista John Howard, mai ra'ayin riƙau ne, kuma manoman karkara masu bindiga na cikin waɗanda suka zaɓe shi, amma ya tsaya kai da fata aka haramta bindigogi masu sarrafa kansu, gwamnati ta saye kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Niyu Zilan ma, bayan an kashe Musulmi 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar wata Juma'a a watan Maris na 2019, wata guda bai cika ba majalisa ta sauya doka.

A Amurka kuma, a watan Disambar 2012 an kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya shida a makarantar Sandy Hook. Shugaba Obama ya share hawaye a gaban 'yan jarida. Ƙudurin tsananta binciken masu saye ya je majalisar dattawa ya mutu, cinikin bindiga kuwa ya tashi, domin mutane sun ruga saye kafin a hana. Shugaban ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda aka kafa tun 1871, ya fito ya ce maganin mugu mai bindiga shi ne mutumin kirki mai bindiga. Shekara goma bayan haka, a garin Uvalde na jihar da ɗanki yake, aka kashe yara 19 da malamai biyu, ga jami'an tsaro ɗaruruwa a harabar makarantar, sun fi sa'a guda ba su shiga ajin ba. Ni dai wannan ranar ta kashe mini waccan magana ta mutumin kirki. Kada kuma ki ɗauka duk Amurkawa bakinsu ɗaya. Miliyoyinsu, musamman a manyan birane, suna jin takaicin da kike ji, har ya fi naki, tun da 'ya'yansu ne ake koya wa ɓuya a ƙarƙashin tebur a makaranta.

Japan tana can ƙarshen ɗaya gefen. Tun 1588 mai mulkinsu Hideyoshi ya tattara takubba da bindigogi daga hannun manoma. Yau mai son ta farauta sai ya yi aji, ya ci jarrabawa, likita ya duba ƙwaƙwalwarsa, 'yan sanda su bincike shi har wajen maƙwabta. Akwai shekarun da ba a kashe mutum goma da bindiga a duk ƙasar. Wanda ya harbe tsohon firaminista Shinzo Abe a 2022 sai da ya ƙera tasa da hannu. Suwizalan kuma tana rikita masu gardama ta kowane ɓangare: samari masu hidimar soja suna iya ajiye bindigar aiki a gida, harbin saiti wasa ne na ƙasa, amma da wuya ki ga wani ya rataya ta ya shiga kasuwa. A can nauyi ce da ƙasa ta ɗora maka. A Teksas kuwa mutum yana riƙe ta ne don bai yarda akwai wanda zai iso kafin ɓarawo ya gama ba.

Kuma kafin mu yi musu dariya, wannan rashin yardar ya fara shigowa gidanmu. Bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka kwararo Sahel. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta fito fili ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga su kare kansu. Ina da wasiƙar wani matashi daga karkarar Katsina a kan teburina yana tambayar me ya sa ba za a bar su su yi kamar Amurkawa ba. Tasa tana buƙatar fili na kanta, zan ɗauke ta a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Abin da zan ce a yanzu shi ne, da wuya dattijon da aka sace wa shanu sau biyu ya maimaita maganar Alhaji yadda ya faɗe ta.

To, ga dalilin da ya sa na ce kada ki saki jiki. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka. Kashe-kashen makarantu da muke gani a labarai kaso ne ƙanƙani a ciki. Fiye da rabi mutane ne da suka juya ta a kansu, a wani dare na baƙin ciki da wataƙila da ya wuce in babu makami a kusa. Tun 2020 kuma bindiga ta wuce hatsarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Wato haɗarin da ya fi kusa da jikokinki yana cikin durowar gefen gado. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma ce mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Da wannan za ki shiga masa.

Abu na biyu, ɗanki baƙar fata ne, kuma haƙƙin da ke rubuce a takarda ba ya aiki iri ɗaya ga kowa a bakin titi. A watan Yulin 2016 a jihar Minnesota ɗan sanda ya tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile. Yana da lasisinsa, shi da bakinsa ya faɗa wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa. Cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama, kotu kuma ta wanke ɗan sandan. Maƙwabcin nan mai guda uku, in farar fata ne, lissafinsa daban yake da na ɗanki.

In kin kira shi, Hajiya, kada ki fara da faɗa. Ki tambaye shi me ya faru kafin ya saya, domin sau da yawa akwai abin da ake ɓoye wa uwa: an fasa masa mota, ko an tare shi yana dawowa daga aikin dare. Ki ce ya juya kyamara ya nuna miki inda take kwana. Ki ga akwatin ƙarfe mai kulle, ki ji cewa ba a ɗure take ba, harsashi yana wani wuri daban, yara ba su san lambar ba. Dokar Teksas ɗin kanta tana hukunta wanda ya bar ɗurarriyar bindiga a sake har ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai hannu kanta. Ki roƙe shi ya bar ta a gida, kada ya riƙa yawo da ita a mota. Ki kuma keɓe da surukarki ki ji ta bakinta, don ban yarda suɓul da baka ta yi ba, ina zaton so ta yi ki sani. Alhaji kuwa, ki karanta masa wannan shafin bayan sallar isha'i, lokacin ƙarfe biyu na rana bai wuce ba a Houston, sai ki buga lambar ki miƙa masa wayar.