Tanadi Ne Ko Ɓoyewa? Amsa Kan Kalmar "Hoarding"

Wata ɗaliba mai koyon aikin fassara ta aiko da tambaya daga Gusau. Ta ce: "Malam, na ci karo da kalmar Turanci hoarding a wani labarin tsadar abinci. Wani ya ce in rubuta tanadi, wani ya ce ɓoye kaya. Wanne ne daidai, kuma waɗanne kalmomi ne 'yan'uwanta a Hausa?"

Malama, a labarin da kike fassarawa, ɓoye kaya ne daidai. Amma bari in warware miki dalili, don gobe kalmar za ta zo miki a wata riga.

Asalin kalmar a tsohon Turanci dukiya ce da aka killace a wani wuri, irin taskar da ake binnewa. A yau tana nufin mutum ya tara abu fiye da buƙatarsa ya hana shi fita, kuma galibi da zargi a cikinta. Tana da ƙawa, stockpile, wadda ba ta ɗauke da wannan zargi: gwamnati na iya tara magani ko hatsi saboda ɓacin rana a kira shi da ita. Bahaushe bai haɗa waɗannan a kalma ɗaya ba. Kafin ya ba aikin suna, sai ya duba niyyar mai tarawa da kuma wanda abin zai cutar.

Mu fara da na yabo. Tanadi shi ne shirya wa gobe tun yau. Manomin da ya gama girbi da kaka, ya ɗaure geronsa dami-dami, ya jera a rumbu da zangarniyarsa ba tare da ya sussuke ba, ya liƙe bakin rumbun, ba ya buɗewa sai damina ta yi nisa abinci ya yanke a gari, wannan tanadi ya yi. Shi ake wa karin maganar nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma dabarar barin hatsi a zangarniya tsohuwa ce ƙwarai. Ita Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar a aya ta 47 ta surarsa, da ya ce su yi shekara bakwai suna noma, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. Tsimi kuwa ya fi karkata ga cin abu a hankali don ya daɗe. Shi ya sa ake haɗa su a ce tsimi da tanadi, har ma a kira ilimin tattalin arziki da wannan suna. Tattali kula ne da abin da ke hannu kada ya lalace. Adanawa da taskancewa sa abu ne a wurin da ba zai salwanta ba. Ajiya ita ce uwarsu duka, ba yabo ba zargi, har ta kan zama amanar da wani ya ba ka ka riƙe masa.

Akwai kuma waɗanda yawa kawai suke nunawa: tarawa, jibgewa, tulawa, kimshewa. In kin ce an jibge buhunan masara a sito, kin faɗi yawansu ne, ba ki ce komai kan halin mai su ba.

Ɓoyewa ce ke ɗauke da laifi. Ɗan kasuwa ya bi kasuwannin ƙauye da kaka, ya kwashe masara da gero da wake, ya kulle a sito. Bazara ta wuce, mudu yana ta hawa, magidanci ya zo da kuɗinsa a hannu a ce masa babu, alhali buhuna na nan a jere har rufin ɗaki, ana jiran farashi ya ƙara tashi. Wannan shi ne ɓoye kaya, kuma da wannan suna kafafen labarai na Hausa suka kawo rahoton abin da ya faru a watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. 'Yan kasuwar hatsi sun musa, suka ce kowane mai sayar da hatsi dole ya ajiye kaya kafin ya sayar. Kin ga gardamar gaba ɗaya a kan kalma take: hukuma ta ce ɓoyewa, su sun ce ajiya. Saboda haka mai fassara ya yi hattara. In ba a tabbatar da laifin ba, ki rubuta "ana zarginsu da ɓoye kaya", kada alƙalaminki ya yanke hukuncin da kotu ba ta yanke ba.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan ihtikari, daga Larabci. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu mai yin ihtikari sai mai saɓo. Amma ya tabbata kuma cewa shi kansa yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Daga nan malamai suka bambance: ajiye abincin gidanka ba ihtikari ba ne, abin da aka hana shi ne sayen abin da jama'a ke buƙata a riƙe shi har a ƙuntata musu. Ma'aunin da Hausa ta bi ke nan daidai.

In abin ya wuce ɓoyewa ya kai ga mutum ya mamaye komai shi kaɗai, sai a ce handama da babakere. In kuwa dukiyarsa ce ya ƙi ci ya ƙi bayarwa, rowa ce ko maƙo, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Saura wurare biyu da za su iya ruɗa ki. A rubutun likitoci, kalmar na nufin wata larurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya kasa rabuwa da tsofaffin kaya, ledoji da gwangwanaye da tsummokara, har ɗaki ya cika ya rasa wurin kwanciya. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013. Nan ba ɓoye kaya za ki ce ba, sai larurar tara tarkace ko komatsai, kuma mai ita magani yake buƙata, ba tsangwama ba. Sannan a Turancin Ingila, hoarding na nufin babban allon talla na bakin titi, ko shingen katako da ake kewaye wurin gini da shi. In kin ga an ce an kafa ta a bakin hanya, to allo ake nufi.