Amsar tambayarka kan fatoma da baƙin Nijar

Ɗana, ka tambaya me ya sa mai shanu daga Damagaram zai bar dabbobinsa hannun fatoma, wato mai masaukin baƙin 'yan kasuwa, a Maigatari ya koma gida, ba takarda ba sa hannu. Kana ganin sakaci ne, alhali sauƙin kuɗi ya nema.

Baƙo yakan iso kafin Alhamis, ranar kasuwa. Fatoma ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali. Mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, har a sallama gaban shaidu. In kuɗi bai cika ba, fatoma ke tsayawa. In mai saye ya gudu, fatoma zai biya, don in ya ƙi, labari zai riga shi isa Magarya ta Nijar, ba baƙon da zai ƙara sauka gidansa. Duk wannan hidima la'ada ce ladanta.

To lissafa abin da baƙon bai biya ba. Ba tafinta, ba lauya, ba takardar banki. In sa ya fito da ciwon da aka ɓoye, shugabannin kara su kashe maganar a zaune, domin hukuncin aibi a ciniki ɗaya ne wajensu, duk Malikiyya suke bi. Mai kai zoɓon Jigawa Meziko kuwa, sai ya biya wakili da inshora da gwajin kaya kafin a yarda da buhunsa, tunda ba wanda ya san kakansa a can.

Amma zumunci bai goge iyaka ba. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ciniki bai tsaya ba, ya dai koma ɓarauniyar hanya, kuɗin dako ya hau. Takardun kwastan ma can Faransanci, nan Turanci.

Inda yara irinku suka fi ƙonewa shi ne canji. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa hawa da sauka take yi. Bashin mako biyu da ba a faɗi kuɗin da za a biya da shi ba yana iya cinye ribar sa guda. A ambaci sefa ko naira gaban shaidu kafin a kwance igiya. In hatsi ne, a auna da tiyar kasuwar da ake ciki, don ba kowace tiya ce ɗaya ba.