Amsa ga Almajirina Kan Murfin Kwalbar Magani Mai Wuyar Buɗewa

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya kamata mu yi idan tsoho ko mai raunin hannu ya kawo mana kwalbar magani irin wadda murfinta yake ta juyawa yana ƙas-ƙas ba ya buɗuwa, ya ce a gyara masa ita ta riƙa buɗuwa kamar kowace kwalba. Ka ce a ganinka aikin filaya ne na ɗan lokaci, don haka ba ka gane abin da ya sa nake jan ƙafa a kansa ba. Gaskiyarka, aikin ba shi da wuya, kuma zan gaya maka yadda ake yin sa, domin ba na ɓoye wa wanda nake koyarwa komai na sana'a. Amma a shagon nan da muke ƙera keken guragu da sandunan dogarawa, ƙa'idarmu ita ce mu ƙara wa hannun mutum abin da ya rasa, mu bar murfin yadda masu shi suka yi shi, sai fa inda babu makawa.

Ka fara da sanin abin da ke hannunka. Ka samo kwalbar da maganinta ya ƙare, ka sa bakin sukudireba a ƙarƙashin gefen murfin ka ɓanɓare shi a hankali, za ka tarar murfi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki shi ne murfin gaskiya, shi ke kama murɗin bakin kwalba, na waje kuwa hula ce kawai da ke yawo a kansa. A tsakaninsu akwai ƙananan haƙora, kowane haƙori ɓangarensa ɗaya a tsaye yake, ɗayan kuma gangare ne. Idan kana rufewa, haƙoran sama suna cin karo da ɓangaren da ke tsaye, sai su ja murfin ciki ya ɗauru. Idan ka juya don buɗewa, sai su hau gangaren su zame, wannan zamewar ce ƙarar da kake ji. Dannawa ƙasa ita ke hana su hawa gangaren, shi ya sa sai an danna ana juyawa a lokaci guda. Akwai wani iri da za ka fi gani a kan robar ruwan jabel, wato ruwan bilic na wanki da kashe ƙwayoyin cuta, da wasu magungunan wanke baki, wanda ake matse gefensa biyu kafin a juya. Shi murfi ɗaya ne, amma a cikinsa akwai ƴan kunnuwa biyu da ke tokare da wasu tudu a wuyan kwalbar. Matsewar tana sa bakin murfin ya tashi daga da'ira ya ɗan yi tsawo, kunnuwan su buɗe waje su tsallake tudun. Duka biyun abu ɗaya suka dogara a kai, wato yaro ɗan shekara biyu ko uku ba ya iya haɗa aiki biyu a hannu ɗaya a lokaci ɗaya, ko da yana da ƙarfin yin kowanne shi kaɗai.

Wani likitan yara ne mai suna Henri Breault, a garin Windsor na ƙasar Kanada, ya tsaya tsayin daka har aka fito da murfin dannawa da juyawa a 1967, bayan ya gaji da karɓar yaran da suka sha maganin iyayensu. A 1970 Amurka ta kafa dokar da ta ba da ikon tilasta irin wannan marufi ga magunguna da kayan gida masu guba. Yadda suke gwada murfin ya kamata ka sani, domin a cikinsa amsar tambayarka take. Ana ba yara masu wata 42 zuwa 51 kwalbar su yi ta fama da ita minti 5, sannan a buɗe a gabansu su gani, a ce musu ma suna iya sa haƙori, a ƙara musu minti 5. Idan kashi 80 cikin 100 suka kasa, murfin ya ci jarrabawa. Ka ga ke nan an yarda tun farko cewa yaro ɗaya cikin biyar zai iya buɗewa, murfin jinkiri kawai yake sa wa yaro har babba ya waiwayo. Ta wajen manya kuwa, da masu shekara 18 zuwa 45 ake gwadawa, sai a 1995 aka mayar da gwajin kan mutum 100 masu shekara 50 zuwa 70, aka ce lalle kashi 90 su iya buɗewa. Amma ba a sa wanda yake da ciwo ko naƙasar da za ta hana shi yin gwajin. Wato mai shanyewar ɓarin jiki, da mai amosanin gaɓɓai mai tsanani, da dattijon unguwar Kara-Kara ta nan Zinder wanda kuturta ta taɓa wa yatsu tun kafin ya samu magani, duk ba da hannunsu aka auna murfin ba. Su ne kuwa masu zuwa ƙofar shagonmu, don haka kada ka taɓa nuna wa ɗayansu cewa rashin wayo ne ya hana shi buɗewa.

Kafin ka ɗauki kayan aiki, ka ce wa mutumin ya buɗe a gabanka ka kalli hannunsa. Da yawa za ka ga sun riƙe kwalbar a sama, a gaban ƙirji, suna murɗawa da kan yatsu, alhali yatsu ne suka fi kowace gaɓa saurin gajiya. Ka nuna masa ya ajiye ta a kan kujera ƴar tsugune ko wani abu mai tauri da ke ƙasa da ƙugunsa, ya ɗora gindin tafin hannu a kan murfin, ya miƙe gwiwar hannu, ya bar nauyin jikinsa ya yi dannawar, sannan ya juya da kafaɗa. Wani ya fi jin daɗin ya danne murfin ya tsaya cik, ya juya kwalbar da ɗayan hannun. Idan siro ne, sau da yawa laifin ba na haƙoran ba ne, sukari ne ya bushe a murɗin ya manne, musamman da zafin bazarar Damagaram. Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a goge bakin kwalbar bayan kowane sha ya wadatar. Mutane da dama daga nan buƙatarsu take biya, kuma ba ma karɓar ko dala a kan wannan.

Wanda wannan bai ishe shi ba shi ne za ka yi wa kayan aiki, kuma abu biyu ke ba shi wahala: kwalbar tana gudu, murfin kuma yana santsi. Maganin gudun shi ne guntun katako mai kauri da faɗin tafin hannu biyu, ka fafe rami a tsakiyarsa daidai gindin kwalbar, zurfinsa ya kai gaɓar yatsa, ka shimfiɗa robar cikin tayar moto a ramin da kuma ƙarƙashin katakon don kada ya zame a daɓe. Ka yanka robar da ɗan yalwa, yadda sai an ɗan tura kwalbar kafin ta zauna. Da wannan kaɗai mai hannu ɗaya zai iya buɗe maganinsa ba tare da ya matse kwalbar a cinyoyinsa ba. Maganin santsin kuwa wani katakon ne mai kamar faifai, shi ma da rami a ƙasansa daidai murfin, an liƙa roba a ciki, a gefensa kuma ka kafa mariƙi mai tsawon taƙi guda. Faɗin faifan yana ba shi wurin dannawa da tafi ko da tsintsiyar hannu idan yatsu babu, tsawon mariƙin kuma yana rage ƙarfin da juyawa take nema. Ka goge kowane gefe da magagari har ya yi sumul, domin wanda kuturta ko ciwon suga ya kashe wa jin jiki a hannu zai iya yankewa bai sani ba. Ga murfin matsewa, filaya mai faɗin baki da aka naɗe wa roba tana yi, ko ka lanƙwasa ƙarfe kamar ƙaramin awartaki. Ka kuma gaya wa mai shi kada ya ajiye abin buɗewar tare da kwalbar, kada kuma ya riƙa buɗewa a gaban jikoki, domin yaro da ido yake koyon sana'a, kamar yadda kai ma ka koya.

Mafi yawan magungunan da ake saya a farmasin garin nan a kati suke zuwa, kuma su ma suna wahalar da mai rawar hannu. Ka huda ƙaramin rami a katako, wanda ya ɗan fi ƙwayar faɗi, a sa ƙaramin kofi a ƙasa, a ɗora katin takardar alminiyam tana kallon ramin, a danna da guntun itace mai dunƙulallen kai. Abu biyu nake so ka hana mutane. Kada su yayyanka katin ƙwaya-ƙwaya da almakashi, domin sunan maganin da ranar lalacewarsa suna ɓacewa, kuma an sha samun tsoho mai raunin gani ya haɗiye ƙwayar har da marufinta mai kaifi ta ji masa ciwo a ciki. Kada kuma su ɓare na wata guda su zuba a leda, domin akwai magungunan da danshin damina da haske suke lalatawa. Wannan hukuncin na mai farmasi ne, a tambaye shi. Ita kuwa takardar da ke manne a bakin sabuwar kwalba ba don yara aka yi ta ba. Ta yaɗu ne bayan 1982, lokacin da mutum 7 suka mutu a yankin Chicago saboda wani ya zuba guba a cikin maganin Tylenol, aikinta shi ne ta shaida maka ba a taɓa buɗewa ba. Idan ka same ta lafiya, ka huda ta da gindin cokali mai tsabta ka cire ta gaba ɗaya. Roba mai taurin nan da ake rufe tocila ko cajar waya a ciki ba ta da wani sirri: almakashin yankan kwano, a bi gefe a yanke ɓangare uku, kada a sa reza, kada kuma a ja wuƙa tana fuskantar jiki.

Yanzu ga abin da ka tambaya. Murfin dannawa ana kashe shi ne ta hanyar ɓanɓare hular waje a bar na ciki, murfin matsewa kuma a datse kunnuwan nan biyu da abin yanke akaifa. Masu buga ƙusa ta saman murfi ko su ɗura gam a tsakani suna ɓata magani ne, iska ta shiga ko gam ya gangara ciki, kada ka bi su. Kafin ma ka taɓa, ka tura mutumin wurin mai farmasi ya tambaya ko akwai kwalba mai murfi na yau da kullum, domin ko dokar Amurkan nan ta yarda a ba mara lafiya irin wannan idan shi ko likitansa ya nema, har ma akwai murfin da ake kifawa ya zama mai sauƙi. Sai dai su sharaɗin da suke rubutawa a jikin irin wannan marufi shi ne gidan da babu ƙananan yara, ni kuwa daga Birni har Zongo ban san gidan da yaro ba ya shiga ba. Ɗakin kaka ma shi ne fadar jikoki, can ake ajiye musu alewa da ƙuli-ƙuli, kuma a kan wannan tabarmar maganin hawan jini da na suga yake kwana. Ƙwayoyin ƙarin jini masu jan launi da ake ba masu ciki suna kama da alewa, kuma kaɗan daga cikinsu kan yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Farasitamol da muke rainawa, idan ya yi yawa, hanta yake lalatawa. Garin neman gira kada mu rasa ido. Murfin jabel, da na maganin ƙwari, da na sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, waɗannan ba ma kashe su ko nawa za a biya, ba ma kuma yarda a juye su a robar lemo ko ta ruwan sha. Idan aka ce maka yaro ya sha irinsu ko kananzir, ka ce kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa mai ko nono, a ɗauke shi tare da kwalbar zuwa likita mafi kusa ko babban asibitin ƙasa na Zinder.

Idan ya tabbata babu wata hanya sai kashe murfin magani, to ba ka miƙa kwalbar sai tare da akwatin da za a kulle ta. Muna yin sa da ragowar kwano ko katako, a kafe shi da ƙusa a bango daidai kafaɗar mai shi, nesa da taga da murhu saboda zafi, domin abin da aka ɗora a kan kabad yaro yana jawo kujera ya hau. Ka lura da makullin sosai, domin hannun da ya kasa murfi ba zai iya murɗa ɗan ƙaramin makullin kwaɗo ba, kuma idan ya sha wahala sai ya daina kullewa. Ka ɗaure kan makullin tsakanin guntayen katako biyu da ƙaramin noti, ko ka yi masa waldar guntun ƙarfe a gicciye mai tsawon yatsa, ka huda shi a sa igiyar fata daga wurin dukawa yadda zai rataya a wuya ko a ɗaure a bakin zane. Ka sa mai shi ya buɗe ya kulle a gabanka har ka ga hannunsa ya saba, sannan ka ba wani babba a gidan makulli na biyu saboda ranar da ciwo zai tashi da dare.