Kwikwiyon da ƙafarsa ke harbawa: in saya?

Tambaya: Malam, ina neman karen gadi don gidana a Tudun Wada. An yi mini tayin kwikwiyo ɗan sati bakwai da araha, sai dai idonsa na kwantsa, ƙafarsa ta baya kuma tana harbawa ko yana barci. Mai shi ya ce sanyin hunturu ne. In saya?

Amsa: Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu. Sanyi kan sa kare rawar ɗari jiki duka, ba ya zaɓar ƙafa ɗaya ya riƙa fizgarta dare da rana. Abin da ka faɗa ya fi kama da distemfa, cutar da ƙwayarta dangin ƙyanda ce, kuma 'yar'uwar ciwon bushiya na shanu. Takan fara da zazzaɓi, majina, tari, wani lokaci da gudawa. Kwikwiyon ya ɗan warware har a ce ya tsallake, ashe ta wuce ƙwaƙwalwa. Bayan makonni sai ka ga yana motsa baki kamar mai taunar cingam, yawu na dalala, yana tangaɗi ko farfaɗiya. Shafa tafin ƙafarsa ma, na wasu yakan yi kauri ya bushe. Babu maganin da ke kashe ƙwayar, lallaɓawa kawai likita ke yi, wanda ya rayu kuma sau da yawa fizgar ba ta barinsa. Araha ba ta ado.

Kada ma ka ɗauki ɗan'uwansa mai alamar lafiya, tunda tari da atishawa ke yaɗa ta, kwanon abincinsu kuma ɗaya.

Idan ka samu wani, nemi ganin uwar da katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi. Allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8 ake yinta, a maimaita duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ni ba na yarda da allurar da aka saya a shago, domin sai an ajiye ta cikin sanyi, yadda wutarmu take kuwa ka sani. Ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, kai shi can.

Distemfa ba ta kama mutum, amma ciwon haukar kare yana kamawa, kuma alamunsu kan yi kama. Rigakafin ciwon haukar ana yi wa kwikwiyo ne a wata 3. Idan wancan kwikwiyon ya ciji wani a gidan, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.